Babi na Shida: Wa Za a Damƙa wa Gola da Bugun Kwana?

Me ya sa ƙungiyar da ta fi iya taka leda ita ce sau da yawa take komawa gida hannu rabbana? Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili a Karaye ko Rogo ranar wasan ƙarshe na wani kofi ya ji wannan tambaya, kuma cikin ɓacin rai ake yin ta. "Mu muka riƙe ƙwallo, mu muka yi ta kai hari, su kwana ɗaya tak suka samu, da ita suka ci mu." Daga nan sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Wani ya ce rafali ne, wani ya ce gola barci yake yi, wani kuma ya rantse cewa an binne wani abu a gindin turke tun da asuba.

A babin da ya gabata mun tattauna yadda makaranta, ko kwaleji, ko ƙungiyar unguwa za ta zaɓi babban kocinta. Wannan babin na mutum na biyu ne, wanda ba kasafai ake zama a yi shawara a kansa ba: wanda zai kula da masu tsaron gida, da duk ƙwallon da ake ajiyewa kafin a buga ta, wato kwana, da bugun tazara, da jifa, da fenareti.

Inda ake cin mu

Mu fara da wasannin da kowa ya gani da idonsa. A Kofin Duniya na 1998, Najeriya ta doke Sifaniya da ci uku da biyu a garin Nantes na Faransa. Abin da aka fi tunawa shi ne dukan da Sunday Oliseh ya yi daga nesa. Amma a duba yadda ƙwallayen suka shiga. Fernando Hierro ya fara ci da bugun tazara. Mutiu Adepoju ya farke da ka daga kwana. Ita kanta ƙwallon Oliseh daga doguwar jifa ta samo asali, ɗan bayan Sifaniya ya sa kai ya fitar da ita, ta faɗo a gabansa. Uku cikin biyar ke nan.

A 2014 Faransa ta fitar da mu da ci biyu da nema, kuma duka biyun daga kwana suka zo: ta farko Vincent Enyeama ya fito bai kama ba, Paul Pogba ya sa kai, ta biyu Joseph Yobo ya ci gida. A 2018 Kuroshiya ta ci mu biyu: Oghenekaro Etebo ya ci gida daga kwana, sannan William Troost-Ekong ya rungume Mario Mandzukic a wata kwanar, aka ba da fenareti. A wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan, a watan Fabrairun 2024, da kwana muka fara ci, da kwana Franck Kessie ya farke wa masu masaukin baƙi.

A gida ma labarin bai sauya ba. A wasan ƙarshe na Kofin Aiteo na 2018 a Asaba, Kano Pillars tana gaba da ci uku da nema, Enugu Rangers ta farke duka ukun, aka je fenareti ta ɗauke kofin da ci huɗu da biyu. Shekarar da ta biyo baya, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pillars ta tashi ba ci da Niger Tornadoes, aka sake komawa fenareti, wannan karon Pillars, wato Sai Masu Gida, suka ci huɗu da uku. Shekara biyu a jere, makomar kofi ta rataya a kan mita 11.

To, idan haka lamarin yake a sama, a ina aka samo al'adar da ake yi a filayenmu, inda za a shafe awa guda da rabi ana raba ƙungiya biyu ana buga wasa, sai an fara jin kiran sallar magariba sannan koci ya ce, "Ku zo a buga kwana biyu mu tashi"? Wannan daidai yake da manomin da ya sha wahalar huɗa da noma da maimai, amma ya bar rumbunsa ba jinka.

Yadda wasu suka ɗauki abin

Amurkawa suna da tasu ƙwallon ta daban, wadda galibi da hannu ake ɗaukarta ana gudu, kuma a jami'o'i da kwalejojinsu ne take da magoya baya na ban mamaki, har filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. A wannan wasa kowace ƙungiya kashi uku ce: masu kai hari, masu tsaro, da rukuni na uku da ba ya shiga fili sai lokacin da za a buga ƙwallo da ƙafa. Su waɗannan na ukun 'yan daƙiƙoƙi suke yi su fito. Da farko ba a ware musu mai horarwa na kansu. A 1969 ne George Allen na ƙungiyar Los Angeles Rams ya ɗauki wani matashi, Dick Vermeil, ya ce aikinsa ke nan kawai, daga nan abin ya yaɗu har kwalejoji.

Mutum biyu sun isa misali. Frank Beamer ya horar da ƙungiyar Jami'ar Virginia Tech daga 1987 zuwa 2015, kuma ko da yake shi ne babban koci, da kansa ya riƙe wannan rukuni na uku, yana sa manyan 'yan wasansa a ciki maimakon ya bar wa 'yan benci. Ƙungiyarsa ta yi suna wajen tare bugun abokan hamayya. Shi kuwa John Harbaugh shekara tara ya yi yana wannan aiki a Philadelphia Eagles, a 2008 Baltimore Ravens ta ba shi babbar kujera, a 2013 ya ci kofi mafi girma na ƙasar. Ba abin mamaki ba ne, don mai wannan aiki shi ne yake hulɗa da kowa a ƙungiya, daga tauraro har yaron da ba a cika sa shi wasa ba.

Tamu ƙwallon ta daɗe ba ta farga ba, amma yanzu ta farga. Ingila ta ci ƙwallo 12 a Kofin Duniya na 2018, tara daga ciki daga ajiyayyiyar ƙwallo ne. A 2018 ɗin dai Liverpool ta ɗauko wani ɗan Denmak, Thomas Gronnemark, don ya koyar da jifa kaɗai, mutane suka yi ta dariya. Italiya ta ci Kofin Turai a 2021 da Gianni Vio a cikin masu horarwarta, mutumin da asalinsa ma'aikacin banki ne. A shekarar kuma Arsenal ta ɗauki Nicolas Jover. Ba sai na yi wa masu zuwa gidan kallo bayanin abin da ya biyo baya ba. Da zarar Bukayo Saka ko Declan Rice ya nufi kusurwa, magoya bayan ɗaya ɓangaren sai su kama kai, su fara neman inda Gabriel ya tsaya.

Filinmu ya fi nasu bukata

Wani zai ce ai wannan harkar masu kuɗi ce, ina ruwan ƙungiyar da sai an yi karo-karo take sayen ƙwallo? Ni a ganina mu ne ma muka fi bukata, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙafarmu.

Dubi irin filin makarantar firamare da ake wasa a kai a Unguwar Hajji, ko Turawa, ko Yammedi, ko ka ƙetara Rogo ka je Zarewa da Fulatan. Da rani ƙasa ta bushe ta yi tauri, ga tsakuwa, ga sawun dabbobin da suka ratsa tun damina ya daskare. Ka ba ɗan'uwanka ƙwallo a ƙasa, kafin ta isa ta yi tsalle sau uku ta sauya hanya. Da damina kuma ciyawa ta kai idon sawu, gaban raga ya zama taɓo. A irin wannan fili, salon ba-ni-in-ba-ka sau goma da yara suke gani a talabijin ba ya kaiwa ko'ina. Lokaci ɗaya ne ƙwallo take yi wa ɗan wasa biyayya, shi ne sa'ad da ya sa hannu ya ajiye ta, ya share tsakuwa da ƙafarsa, ya ja baya. Daga nan ta sama za ta bi, kuma sama ba ta da rami.

Akwai kuma iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, don haka kwanar da aka buga daga wannan kusurwa za ta lanƙwasa ta shige wa gola, ta ɗaya kusurwar kuma za ta tsaya a hanya. Yaron da ya buga hamsin a kowane gefe ya san wannan a jikinsa. Baƙin da suka zo daga wani gari ba su sani ba.

Sai batun gola, wanda shi ne maraya a yawancin ƙungiyoyinmu. Ana sa yaro a raga ne don ya fi kowa tsawo, ko don bai iya gudu ba, ko don shi ne ƙarami ba zai iya musu ba. Ba mai koya masa yadda ake faɗuwa. Ya faɗi sau biyu a kan tsakuwa ya ɗaye gwiwar hannu da ƙugu, daga nan jikinsa ya daina yarda, sai ya koma tare ƙwallo da ƙafa, 'yan kallo suna yi masa ihu. Mai horarwar da ya san aikinsa, abin da zai fara nema shi ne wuri mai laushi: ko a sa amalanke ta kawo rairayi a zuba a gefen fili, ko a kwashi gololin a tafi bakin rafi. A can zai fara da su daga zaune, sannan a durƙushe, sannan a tsaye, har yaro ya koyi sauka a gefen jikinsa da kafaɗa ba a kan gwiwar hannu ba.

Kujerar alfarma

Yadda ake cike wannan gurbi a yanzu, in ma an cike shi, sananne ne. Akwai tsohon ɗan wasan da ya yi tashe shekara goma da suka wuce, yanzu gwiwa ta hana shi, ana jin nauyinsa. Ko kuwa ƙanin Alhajin da ya saya wa ƙungiya riguna. Sai shugaba ya ja babban koci gefe ya ce, "Koci, don Allah ka riƙe shi a kusa da kai, ko gololi ne ka ba shi." Wannan "ko gololi ne" ita ce take kashe mu.

Ba ina cewa tsohon tauraro ba zai iya ba. Amma iya yi daban, iya koyarwa daban. Mutanen Kano sun sha kallon bugun tazarar Rabi'u Ali Pele a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma kowane gari yana da nasa ƙaramin Pelen. Sai dai mai baiwa sau da yawa bai san yadda yake yin abin da yake yi ba. Ka ce ya koya wa yaro, sai ya ajiye ƙwallo ya buga ta shige, ya juyo ya ce, "Ka gani? Haka ake yi." Yaro ya buga ta tashi sama, shi kuma ya yi tsaki. Vio daga banki ya fito, Jover bai taɓa yin suna a matsayin ɗan wasa ba, Gronnemark ɗan tsere ne. Abin da suke da shi shi ne haƙurin kallon abu ɗaya sau ɗari.

A wajen tsaron raga kuwa maganar ta ɗan bambanta. Nan kam an fi son wanda ya taɓa tsayawa tsakanin turakun nan biyu masu tazarar mita 7.32, ya san yadda zuciya take bugawa. Ike Shorunmu, wanda ya horar da gololin Super Eagles lokacin da Stephen Keshi ya ci Kofin Afirka a 2013, tsohon golan Najeriya ne. Haka Alloy Agu da ya yi aiki da Gernot Rohr. Babbar ƙungiya tana iya ɗaukar mutum biyu, ɗaya na gololi ɗaya na kwana. Makarantar sakandare ko ƙungiyar unguwa mutum ɗaya za ta iya, kuma idan ni aka tambaya, tsohon gola zan nema. Shi ne ya ƙare ƙuruciyarsa yana kallon kwana daga ciki, shi yake jera katanga, shi ya san inda in ƙwallo ta faɗo gola ba ya son ta. Wanda ya san abin da yake tsorata gola, ya san abin da zai koya wa masu kai hari.

Sai an gwada

Kada a yi zaɓen a ofishin shugaban makaranta ko a zauren mai unguwa. A kira masu neman aikin fili, kowa da ranarsa. A ba mutum rabin awa, da ƙwallo biyu, da gola na biyu, da yara shida daga benci. Da gangan na ce 'yan benci, don kowa yana iya yin kyau da gwanaye. Sannan kwamiti ya koma gefe ya zuba ido.

Abin lura na farko: yara nawa ne suke tsaye ba sa komai? Idan ya jera su layi guda yana dukan ƙwallo da ƙarfi yana nuna wa 'yan kallo cewa har yanzu da sauransa, an gama da shi. Na biyu: idan yaro ya yi kuskure, me yake fita daga bakinsa? "Kai wane irin daƙiƙi ne" ba gyara ba ne. Gyara shi ne, "Ƙafarka ta hagu ta yi nisa da ƙwallo, matso da ita, sake." Mai irin wannan magana za ka ga kafin rabin awar ta cika wani abu ya sauya a bugun yaron, ko da kaɗan ne.

Bayan nan a zauna da shi a inuwa a yi masa tambayar da ba ta da amsa ɗaya. "Malam, saura minti biyu a tashi, muna gaba da ci ɗaya, an ba su kwana. Wa zai tsaya ina?" Wani zai ce kowa ya riƙe mutuminsa. Wani zai ce a raba wuri, dogaye uku su tsare gaban raga ko wa ya shigo. Duka biyun ana yin su a manyan ƙungiyoyi, har ana gauraya su. Abin da ake so a ji shi ne dalili, da kuma sunaye: wa zai tsaya a turken kusa, wa zai tsaya a bakin da'ira don ƙwallon da za ta dawo irin wadda ta faɗo wa Oliseh. A juya tambayar: idan mu ne da kwanar, mutum nawa za su rage a baya? Ƙungiyoyi da yawa daga tasu kwanar ake kwasowa a guje a ci su.

A taɓa shi da doka, don dokar tana sauyawa, kuma a cikinta riba take. Ya san babu satar gida a jifa, da kwana, da bugun gola? Yaro ɗaya mai doguwar jifa, irin ta Rory Delap na Stoke City, ya isa ya mayar da kowace jifa kusa da raga ta zama kwana. Ya san katanga mita 9.15 take ja baya, kuma tun 2019 idan masu katanga sun kai uku, ba a yarda abokin hamayya ya matso kusa da su ƙasa da mita ɗaya ba? Ya san a fenareti ƙafa ɗaya ta gola ta isa ta kasance a kan layi? Ya ji cewa daga 2025 golan da ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa takwas kwana ake bayarwa a kansa? Wanda ya ce shi tun zamaninsu ba haka ake yi ba, a gode masa.

Takarda tana da amfani, ban raina ta ba. Wanda ya je Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, ko yake da lasisin horarwa na CAF, ko ya karanta ilimin motsa jiki a Jami'ar Bayero, ko ta Ahmadu Bello, ko wata kwalejin ilimi, ya zo da abin da ya kamata a duba. Sau da yawa ma mutumin da ake nema yana cikin makarantar, malamin motsa jiki ne da aka mayar mai tsaron layin asambuli. Amma takardar da na fi son gani ita ce ɗan littafin rubutu mai lanƙwasasshen bango a aljihunsa. A Kofin Duniya na 2006, kafin fenareti tsakanin Jamus da Ajantina, mai horar da gololi Andreas Kopke ya ba Jens Lehmann 'yar takarda da ya rubuta inda kowane ɗan Ajantina ya saba bugawa. Lehmann ya cusa ta a safa, yana ciro ta yana dubawa, ya tare biyu. Wannan ba ya bukatar kwamfuta. Ƙungiyoyin da ake haɗuwa da su a kofin ƙaramar hukuma ba su da yawa, kuma masu buga musu fenareti su ne dai na bara. Mutum ya hau babur ya je ya kalli wasansu da biro a hannu, shi ke nan. Stanley Nwabali, wanda ya taɓa tsare ragar Katsina United, da ya tare fenareti biyu na Afirka ta Kudu a 2024, a lokacin a ƙasarsu yake wasa, ba baƙinsa ba ne.

Sauran abin da ya rage bincike ne a gari, kuma ba ya ɗaukar lokaci: yana dukan yara? Yana karɓar kuɗi a hannunsu don ya sa su wasa? Yana tsayar da atisaye idan lokacin salla ya yi? Idan yaro ya yi karo da ka a wajen kwana ya tashi yana layi, zai fitar da shi ko zai ce ya daure? Iyaye amana suka bayar.

Bayan an ɗauke shi

Nan ne ake yawan ɓata rawa da tsalle. An zaɓi mutumin kirki, sai a hana shi lokaci. A yanke tun ranar farko, a gaban kowa, cewa minti ashirin na kowane atisaye nasa ne, kuma a farko ko a tsakiya, ba bayan rana ta faɗi ba. Gololi su riga kowa zuwa. Sunayen mutum biyar masu buga fenareti, da na shida da na bakwai, a rubuta su kafin a hau mota, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Dole kuma babban koci ya saki hannu. Masu kallon Arsenal sun sha ganin kocinsu Mikel Arteta yana ja baya idan an samu kwana, Jover ya fito bakin layi yana ba da umarni. A Kofin Duniya na 2014 kocin Holan Louis van Gaal ya cire golansa na farko a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci ya sa Tim Krul saboda fenareti kawai, Krul ya tare biyu na Kosta Rika, Holan ta wuce. Irin wannan shawara ba ta yiwuwa sai koci ya amince da mai horar da gololinsa. Kocin da yake ganin mataimakinsa kujerarsa yake nema ba zai amfana da shi ba, kuma gara kwamiti ya gano haka tun kafin a fara gasa.

Kada a auna shi da wasa ɗaya. A sa wani ɗalibi ya riƙa rubutawa: kwana nawa muka samu, nawa ta kai kan ɗan wasanmu, nawa aka ci mu da ita. Bayan wasa goma a buɗe littafin a gaban kwamiti, a yi hukunci da abin da ke ciki.

Tambayar da na san tana bakinka, mai karatu, ita ce da me za a biya shi, alhali ko kuɗin motar zuwa Gwarzo sai an bi 'yan kasuwa shago-shago. Babi na gaba a kan wannan zai tsaya: inda kuɗin ƙaramar ƙungiya yake fitowa, da wanda ya kamata ya riƙe shi.